Kurakuran da fasto kan yi a zaman unguwa a Damagaram, da yadda ake gyara su

Na daɗe ina dattijon ikilisiya a nan Damagaram, kuma fastoci da yawa sun zo sun tafi a kan idona. Waɗansu ƴan Maraɗi ne, waɗansu daga ƙasar Dogon Dutsi, akwai ma waɗanda suka ƙetaro daga Najeriya. Kusan dukansu sun iya wa'azi. Inda ƙafa ke zame musu shi ne daga ƙofar majami'a zuwa waje, wurin mai unguwa da liman da maƙwabcin da katangarsa ke jingine da tamu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fasto ya sauka, ya kwance kaya, ya yi wata shida bai taka ƙofar mai unguwa ba. Sai ranar da yara suka jefi kwanon majami'a da dutse, ko aka tashi rigimar iyakar fili, sannan a gan shi da sassafe riƙe da takarda. Wani da muka yi aiki tare haka ya yi. Mai unguwa ya saurare shi har ya gama, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan baƙon naka daga ina?" Ya san shi sarai, kullum yana ganin wucewarsa a kan babur. Abin da yake gaya mana shi ne ba a fafe gora ranar tafiya.

Gyaran ba shi da wuya. A makon farko fasto ya nemi dattijo ɗan gari ya raka shi, a riƙe goro, a tuɓe takalmi, a zauna inda aka nuna. A ce, "Ranka ya daɗe, ga sabon malaminmu, mun kawo shi ya gaishe ka, ya san ubansa na unguwa." Iyakarta ke nan. Kada a haɗa gaisuwa da roƙon iri, ko da akwai buƙata tana ci. Daga nan a je wurin limamin masallacin da ya fi kusa, shi ma gaisuwa kawai. Kuma kada fasto ya tsallake mai unguwa ya nufi fadar Sarkin Damagaram a Birni don yana da wanda zai shigar da shi. A fada abu na farko da za a tambaya shi ne daga wace unguwa kake, kuma maganar za ta komo hannun wanda ka tsallake. Haka ma ma'aikatar magajin gari. Tun da aka rusa majalisun gundumomi a 2024 wakilan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da su, mutanen ofis suna sauyawa, amma mai unguwa yana nan inda aka san shi.

Sai maganar mutuwa da suna, wadda a ganina ita ce ma'aunin da ake auna fasto da shi. Masu bi a garin nan ƴan kaɗan ne, duk wanda ke kewaye da mu musulmi ne. Akwai faston da in an yi rasuwa a maƙwabta sai ya kulle ƙofa, wai bai san abin da zai yi a can ba. Akwai kuma wanda zai je, amma ya mai da zaman makoki wurin wa'azi. Na biyun ya fi na farkon ɓarna. Wurin gaisuwar mutuwa ba a buƙatar dogon zance. Ka yi sallama, ka zauna a tabarma, ka ce "Ya haƙuri? Allah ya ba da haƙurin rashi." In an ɗaga hannu ana fatiha ka yi shiru cikin ladabi, ba wanda zai tilasta ka. Ka ɗan jima, kada ka tashi kamar wanda wuta ta kama, ka koma ranar sadakar uku. In kana da hali ka aika da tiyar gero ko jika guda cikin gida ta hannun matarka. Shekara goma bayan haka za ka ji ana cewa "ai da tsohonmu ya rasu, fasto ya wuni a nan."

Abinci ma yana cikin wannan. Ranar babbar salla za a aiko da naman layya. Na san masu bi sun sha bamban a kan cinsa, wannan kowa da lamirinsa, amma mai da kwano da nama a ciki cin fuska ne da ba a mantawa. A karɓa, a yi godiya, a ba yaron da ya kawo tukuici. Ranar Kirsimeti kuma, in ana so maƙwabta su ci abin da aka aika musu, a kira mahauci ko maƙwabci musulmi ya yanka, kuma a bari a san shi ya yanka. Tsofaffinmu haka suke yi tun da can. Sabon fasto da bai sani ba sai ya yanka da kansa, ya raba kwanoni goma, ya yi ta mamakin yadda ba wanda ya ce masa an gode.

Lasifika ba ta buƙatar dogon bayani. A juya ta ciki, a san lokutan salla, in za a yi addu'ar kwana a sanar da maƙwabta tun da rana.

Wajen taimako kuwa akwai tarko. Kowa ya san ƙishirwar Damagaram. Ruwan da ake turowa daga Gogo da Arunguza bai taɓa wadatar da garin ba, da bazara ta kama sai layin jarkoki da ƴan garuwa. To in Allah ya hore wa majami'a rijiyar burtsatse ko tanki, ko wata ƙungiya ta aiko da buhunan hatsi, kurakurai biyu ne ke jira. Ko dai a ce na ƴan ikilisiya ne kawai, ko a ce kowa ya zo amma sai ya tsaya ya ji wa'azi kafin a buɗe famfo. Da ma akwai zargin da ya daɗe yana yawo cewa da kayan agaji muke sayen mutane, kuma wannan sharaɗin shi ke gaskata shi. A fito da famfon bakin katanga ta waje yadda mace za ta ɗiba ba tare da ta shiga harabar majami'a ba. A kafa kwamiti na mutum huɗu ko biyar, da wakilin mai unguwa da mace ɗaya aƙalla, su tsai da ko dala nawa jarka, su riƙe littafin kuɗin gyara. Fasto kada ya riƙe makulli, kada ya riƙe kuɗi. In rabon hatsi ne, sunayen mabuƙata su fito daga hannun mai unguwa da matan unguwa, su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kuma don Allah a rage ɗaukar hoto. Magidancin da ya ga fuskarsa a Facebook rungume da buhu ba zai sake gaishe ka da zuciya ɗaya ba.

Siyasa kuwa, ko da yake an rusa jam'iyyu a 2025, masu neman a gan su tare da malaman addini ba su ƙare ba. Ambulan ɗin da aka miƙo "don gyaran rufi" yana da igiya, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kyauta ce ta gaskiya, a karɓa gaban dattawa, a rubuta, a faɗa ranar Lahadi. Wani kuskuren mai kama da wannan shi ne fasto ya tashi a taron gwamna ko na kwamitin tattaunawar addinai ya ce "mu Kiristocin Zinder mun ce." Wa ya aike shi? Akwai ƴan Katolika, akwai EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, da ta samo asali daga aikin ƴan mishan na SIM da ya soma a garin nan a 1924, akwai ƙananan majami'u na ƴan Benin da Togo da Najeriya. A zauna tukuna a daidaita baki, a zaɓi mai magana.

Ba zan tsallake abin da ya faru ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ba, ranar da zanga-zangar nuna fushi kan zanen wata jaridar Faransa ta juye, aka ƙone majami'u a nan, washegari aka yi a Yamai. Wanda ya ga wannan rana ba a ce masa ya manta. Amma na ga fastoci sun yi kuskure iri biyu a kanta. Wani ya ƙara tsawon katanga, ya daina zuwa ko'ina, har yaran unguwa suka tashi ba su san fuskarsa ba. Wani kuma duk taron da aka gayyace shi sai ya tono ta, har aka daina gayyatarsa. Ni dai abin da na gani da idona shi ne gidajen da maƙwabta suka tsaya a ƙofarsu, suka shigar da mata da yara ɗakunansu, gidajen da aka saba cin tuwon juna ne. A tono maganar inda take da amfani, wurin hukuma da zaman sulhu. A unguwa kuma a fita. Samarin da ke zaune a fadarsu ta hira suna dafa shayi a bakin kwana, a tsaya a gaishe su, a sha kofin farko in sun miƙo. Ranar aikin gayya na yashe magudanar ruwa kafin damina, fasto ya fito da shebur tare da matasansa, ba da kujera ba.

Abu na ƙarshe da na lura da shi ya fi shafar fastoci masu ƙwazo. Irin wannan fasto shi ne zuwa suna, shi ne zuwa likita duba maras lafiya, shi ne kwamisariya in an kama yaro, lambar kowa tana cikin wayarsa shi kaɗai. Ranar da aka yi masa canjin wuri sai ikilisiya ta wayi gari baƙuwa a unguwarta. Duk inda za shi ya riƙa tafiya da dattijo ɗaya da saurayi ɗaya. Ya kuma bar wa zumuntar mata nasu fagen, domin cikin gidajen nan namiji iyakarsa zaure, su ne ke shiga har ɗaki barka da haihuwa, su ne ke jin abin da ake ciki tun kafin ya fito waje. Kafin ya tashi kuma ya kama hannun wanda zai gaje shi, ya zaga da shi wurin mai unguwa da liman, ya yi ban kwana a zaman da aka gabatar da sabon. Goron wannan ranar daga asusun ikilisiya ake sayensa.