Ga ƙannenmu sababbin zuwa karatu a Ngaundere, Kamaru

Duk shekara idan Oktoba ta kama, sai ka ga samarinmu sun sauka daga Yola ko Mubi, jaka a kafaɗa, suna tambayar inda za su canza naira zuwa sefa. Wannan mai sauƙi ne. Ka shiga unguwar Hausawa ka yi sallama, kafin la'asar an nuna maka mai canji, ka ci tuwo, an haɗa ka da wanda zai raka ka Dang, inda jami'ar take, wajen kilomita 15 daga gari. Mutanenmu a nan ba sa barin baƙo ya kwana a tasha. Ɗaki kuwa, kada ka biya kuɗin shekara sai ka ga ruwa da idonka, kuma ka karɓi rasit. Takardar zama ka fara nemanta da wuri, don Kamaru ba ta cikin ECOWAS.

Abin da ke kayar da yaranmu shi ne rubutun da ake kira dissertation, wato insha'in muhawara da Faransanci. A nan maki a kan 20 yake, sai ka samu 10 ka tsallake, kuma 14 ma abin a taya ka murna ne. Mu da muka taso da tsarin Najeriya mun saba a zube duk abin da aka haddace, shafi ya cika, malami ya tausaya. Malamin nan ginin rubutun yake dubawa kafin ilimin da ke ciki.

Akwai wani yaro, haziƙi ne wallahi, da aka ba su tambaya a kan ko arzikin ƙasa kaɗai na kawo ci gaba. Ya cika shafi shida da tarihin man fetur. Takarda ta dawo da 06, an rubuta hors sujet da jan biro a sama, wato ya bar tambayar ya kama wata hanya. Ya zo ɗakina yana huci, wai an tsane shi don baƙo ne. Na ce, "Ƙanena, nuna min layin da ka amsa ko e ko a'a." Ya juya shafukan nan har ƙarshe, ya yi shiru.

Ga yadda nake yi. Idan an ba ni awa 3, ta farko ba na taɓa takardar amsa. A takardar gwaji nake ja wa kowace kalma ta tambayar layi, in tambayi kaina me ake jayayya a kai. Wannan jayayyar ita ce problématique, kuma idan babu ita a gabatarwarka, malami ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya juya shafi. Daga nan in raba amsa kashi biyu ko uku: hujjar da ke goyon baya, hujjar da ke rusa ta, sannan inda na tsaya. Kowane sakin layi magana ɗaya da misali ɗaya. Gabatarwa da kammalawa nakan rubuta su cikakku a gwaji, don idan lokaci ya ƙure kada in ƙare da gaggawa. A ƙarshen gabatarwa dole ka sanar da sassan da za su biyo baya, ko da kana ganin maimaici ne. Haka suke so, kada ka tsaya musu.

Minti 15 na ƙarshe na gyara ne, kuma karatu biyu nake yi. Na farko don ma'ana. Na biyu daga ƙasa zuwa sama, jimla jimla, ina farautar namiji da mace da jam'i, saboda Faransanci a ƙarshen kalma yake kama mutum, kuma ana cire maki a kansa. Aikin gida kuwa, ka bar shi ya kwana, da safe ka karanta da ƙarfi, sannan ka miƙa wa abokin ajinka da ya yi bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare, a nan. Su tun sakandare ake horar da su a kan wannan tsari. Masu rubutawa da Turanci su zuba a waya ta juya musu, malami na gane su tun layin farko.

Ku nemi tsofaffin tambayoyi wajen 'yan ajin gaba, kowa ya rubuta gabatarwa ɗaya a mako. Ku kawo mana ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu duba tare kafin jarrabawar gwaji ta farko.