An tashi wasan ƙarshe: ga aikin da ya rage wa mai horarwa

Ƴan'uwana masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa a Damagaram, daga Birni har Zango, ranar da aka gama gasar babban hutu kada ku sallami yara a bakin fili. Ina horar da matasa, ina kuma bibiyar ƙwallon jami'o'in Amurka, wadda ake runguma a hannu ana gudu. Can suna rufe kaka da manyan wasannin da ake kira Bowl tsakanin Disamba da Janairu, kuma yadda suke tafiyar da makon da ke biye ya dace mu ɗauka.

Fara da jiki, tun a daren. Tambayi kowane yaro inda ke masa ciwo, shi kaɗai, don a gaban abokai ba zai faɗa ba. Gwiwar da ta yi ƙara sannan ta kumbura cikin ƴan awoyi, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora mata minti 20, da safe a nufi asibiti. Ina girmama masu ɗori, amma jijiyar cikin gwiwa ba a gyara ta da ja da murza. Jaylon Smith, ɗan wasan jami'ar Notre Dame, ya tsinke jijiyoyin gwiwa a wasan Fiesta Bowl ranar 1 ga Janairu 2016. Ana sa ran a ɗauke shi cikin na farko-farko a zaɓen sabbin ƴan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallo, sai ya koma na 34, ƙungiyar Dallas Cowboys ta ɗauke shi. Shi yana da manyan likitoci a bayansa. Namu yaron, daga kai sai iyayensa.

Wanda ya bugu a ka, yana jiri, amai ko ciwon kai, a kai shi asibiti nan take, kuma ba shi ba fili sai likita ya yarda.

Bayan kwana biyu ko uku, zauna da su ɗai-ɗai, ba a fada wurin shayi ba. A Amurka lokacin ne kowa ke yanke shawara: wasu sun kammala karatu, wasu su nemi shiga zaɓen NFL na watan Afrilu, wasu su sauya jami'a ta rajistar da NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta buɗe a 2018. Kai ma tambayi kowane yaro kai tsaye: «Ƙanena, baɗi kana tare da mu?» In wata ƙungiya a Yamai ko Maraɗi ta kira shi, sa masa albarka, amma ka je ka ga mahaifinsa, a san wa zai riƙe shi can da inda zai kwana.

Ka faɗa musu gaskiya kuma: ko a Amurka, waɗanda NFL ke ɗauka daga cikin ƴan wasan jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba. Mai jarrabawar BEPC ko BAC a gabansa, rage masa atisaye da zarar an koma lakwal a Oktoba.

Riguna da ƙwallaye a karɓa a ƙirga cikin makon nan. Kuɗin kyauta, in an samu, a raba a gaban kowa, har da wanda ke kwance da rauni.