Kurakuran masu buɗe kulob ɗin lissafi

Kowace shekara sai na ga sabon malami a nan Garwa ta Kamaru ya buɗe kulob ɗin lissafi ranar Laraba, tunda a ranar ake tashi makaranta da wuri. Kafin hutun Disamba ɗakin ya koma daga shi sai benci. Abin ya ishe ni.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne gasa da jera sunaye, domin ni ma na tafka shi. A shekarata ta farko na manna sakamako a ƙofar aji, daga na ɗaya har na ƙarshe. Akwai wata yarinya mai shirin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wadda na yi wata biyu ina lallashi kafin ta fara ɗaga hannu. Ta ga sunanta a can ƙasa, ba ta sake takowa ba. Na bi ta har gida, mahaifiyarta ta ce, "Malam, ai ta ce kanta ba na lissafi ba ne." Ni na sa mata wannan magana a baki! Yaran da ke cin 16 bisa 20 ba su ƙaru da komai ba, wadda na buɗe kulob ɗin dominta kuwa na kore ta. Tun daga nan na daina ba da maki. Uku-uku suke aiki, kuma mai rauninsu ne ke fita allo, bayan sauran biyun sun tabbatar ya gane.

Sai masu mayar da kulob darasi na biyu. Haba malamai! Yaro ya wuni yana kwafar allo da Faransanci, ku kuma ku ƙara masa wani? Ni daga kasuwa nake farawa. Yaron da ya rantse bai iya rabawa ba, ka ce masa sefa 350, nan take zai ce dala saba'in, tunda dala ɗaya sefa biyar ce. Sai in rubuta masa 350 ÷ 5, in ce ai abin da ka yi yanzu ke nan. Ku ga yadda fuskarsa ke washewa. Wani lokaci dara muke haƙawa a tsakar makaranta, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12.

Kada ku wuce awa ɗaya a zafin Maris da Afrilu. Kada ku karɓi ko dala a hannun iyaye. In yaro ya yi shiru yana tunani, ku kame bakinku; ni har ashirin nake ƙirgawa a zuci kafin in tanka.