Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Shirya Motar Rimot Mai Manyan Tayoyi Don Tsere

Motoci irin su Traxxas Stampede da Arrma Granite an ƙera su ne don tsalle da hawa tudu da ratsa ciyawa, shi ya sa suke da tsayi. To amma filin tsere kwana-kwana ne, kuma a kwana ake cin gasa ko a faɗi. Yawancin kurakuran sababbin shiga daga son gudu suke tasowa.

Na farko, barin motar a tsayin da ta zo da shi daga kwali. Nauyinta yana sama, da ka sha kwana da ƙarfi sai tayoyin waje su kama ƙasa, ta wuntsila. Ka sassauta zoben da ke danne sifirin a jikin shokozoba har hannayen da ke riƙe da tayoyi su kwanta daidai da ƙasa. Yadda ake gwadawa: sa batir, ɗaga motar kamar kamu ɗaya, sake ta ta faɗi, sannan ka tsuguna ka duba yadda ta zauna. Idan cikinta yana bugun ƙasa bayan tsalle, kada ka yi saurin ƙara mata tsayi. Man shokozoba ne ya yi ruwa-ruwa; sauya shi da mai kauri kaɗan, misali daga mai lambar kauri 30 zuwa mai 40. Kuma lokacin zubawa ka jira kumfar iska ta gama fita kafin ka rufe, domin mutane da yawa nan suke yin gaggawa. Sai ka ɗan karkatar da saman tayoyin zuwa ciki, digiri 1 zuwa 2, don su taka ƙasa sosai a kwana.

Sai batun batir. Batirin LiPo (nau'in batir ne da ake caji) mai 3S, wato mai sel uku a cikinsa, yana ba da bolt 11.1, mai 2S (sel biyu) kuma 7.4. Kowa na son 3S, amma a ƙaramin fili ba abin da yake ƙarawa sai ɗaga gaba da kumbura taya. Ni dai shawarata, fara da 2S. Wasu motocin Traxxas ma suna da saitin koyo da ke rage totur zuwa rabi, kuma amfani da shi ba abin kunya ba ne. Kunna saitin da ke yanke wuta idan caji ya yi ƙasa, don kada kowane sel ya sauka ƙasa da bolt 3.

Ƙaramar giyar da ke kan injin ita ma ana cutar da ita. Ƙara mata haƙora yana ƙara gudu, yana kuma ƙara zafi. Bayan minti 5 na gudu, auna injin: in zafinsa ya haura digiri 70 a ma'aunin Celsius, rage haƙori ɗaya ko biyu, musamman a watannin bazara. Wajen ɗaurewa, sa siririyar takarda tsakaninta da babbar giyar, matse su, ɗaure kusoshin, sannan ka zare takardar.

Tayoyi masu manyan zane na laka ne da ciyawa. A kan busasshiyar ƙasa mai tauri, masu ƙananan ƙuraje sun fi riƙo. Kafin kowane tsere ka ja bakin tayar da yatsa, in gam ya saki ka sake mannewa.

Kuma duk gyaran nan ɗaya bayan ɗaya ake yin sa. Sauya abu guda, zaga filin da agogo a hannun wani, rubuta lokacin, sannan ka taɓa na gaba.