Ba kowane hoto ne "photo" ba

Shagona na buga takardu yana Kabuga, kusa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, kuma duk lokacin da ɗalibai ke haɗa furojet sai na gyara kuskure iri ɗaya. Yaro zai kawo zanen zuciya da kibiyoyi da sunayen sassa, ya rubuta "photo" a ƙasa. Ban ga laifinsa ba. A wurinmu hoto ya haɗe komai, na kyamara da na littafi har da na talabijin.

Nakan ce masa, ƙanena, kafin ka zaɓi kalma tambayi kanka da me aka yi abin.

In kyamara ko waya ce ta ɗauka, "photograph" ne, a gajarce "photo", inda muka aro kalmarmu ta hoto. Asalin kalmar "photograph" daga Girkanci ne, wato zane da haske, ta kuma bazu a 1839. In fensir ne ko biro, "drawing". Wanda aka yi a gurguje, kamar yadda tela ke zana wuyan riga a gaban mai ɗinki, shi ne "sketch". Fenti da buroshi kuwa "painting", irin zakin da ake zanawa a bayan manyan motoci.

"Picture" babbar rumfa ce, duk waɗannan suna shiga ƙarƙashinta, don haka in ka rikice ka fake a nan. "Image" ta fi zama a bakin masu kwamfuta da likitoci, ita ce kuma sunan abin da kake gani a madubi. "Portrait" hoton mutum ne, musamman fuskarsa. Ciro naira 20 ka ga na Janar Murtala Muhammed.

Inda aka fi tuntuɓe, kuma inda maki ke zubewa, shi ne "diagram" da "graph". Na farko yana nuna yadda abu yake a haɗe ko yadda yake aiki, ba ruwansa da kyau. Zuciyar nan mai kibiyoyi ke nan. Na biyu sai da alƙaluma: layi a tsaye, layi a kwance, kamar a nuna hawa da saukar farashin buhun masara a kasuwar Dawanau wata-wata. "Chart" ta fi faɗi, har da'irar da ake yankawa kamar gurasa tana ciki. "Map" dai taswira ce.

A cikin furojet kuma akwai wata al'ada. Sassa da yawa a jami'o'inmu suna son a sa wa hoton kyamara "Plate", zane da taswira "Figure", jadawali kuma "Table", kowanne da jerin lambobinsa. Don Allah ka tambayi malamin da ke duba aikinka kafin ka kawo a buga. Raina yana ɓaci in ga ɗalibi ya sake biyan kuɗin shafi ashirin saboda kalma ɗaya.