Yadda za ka yi idan ƙaramar libarba mai araha ta faɗo hannunka

A garin Tawa na Nijar, kamar sauran garuruwan da ke kusa da iyaka, ba abin mamaki ba ne a buɗe akwatin mamaci wajen rabon gado a tarar da ƙaramar bindiga naɗe cikin tsumma, ko wani ya raɗa wa ɗan kasuwa cewa akwai wadda za a sayar masa da kuɗi kaɗan domin tsaron shago. Wasu daga cikinsu libarba ce mai ƙaramin harsashi, wadda masu bindiga suka daɗe suna gardama a kanta. Masu kare ta suna cewa da babu gara ba daɗi, tunda talaka ma yana da ran da zai tsare. Waɗanda suka san aikin ƙarfe kuwa suna cewa araha ba ta ado, domin bindigar da ba ka da tabbacin halinta ta fi zama barazana ga mai ita da iyalinsa. Ni ina tare da waɗannan na biyu.

Abu na farko shi ne ka san irin abin da ke gabanka. Mafi shahara a cikin irin waɗannan su ne na kamfanin Röhm na ƙasar Jamus, masu alamar RG, waɗanda suka cika kasuwannin Amurka har dokar 1968 ta hana shigo da su, sai aka koma shigo da sassansu ana harhaɗawa a birnin Miyami. Da irin wannan, RG-14 mai harsashi .22, aka harbi shugaba Ronald Reagan a watan Maris na 1981, kuma wannan ya isa shaida cewa ƙanƙantar harsashi ba ta hana shi yin mummunan ta'adi. Sirrin arahar yana cikin ƙarfen. Da wani gami na tutiya aka zuba gangar jikin, wanda yake narkewa kafin zafi ya kai digiri 400, alhali ƙarfen da ake ƙera bindigar kirki da shi sai ya haura digiri 1,300. Gami irin wannan yana saurin cinyewa, kuma idan ya gaji ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi.

Kafin ka duba komai, ka ɗauka cewa akwai harsashi a ciki, ko da an rantse maka babu. Ka fitar da yara daga ɗakin, ka juyar da bakinta inda ba mutum, kuma kada yatsanka ya kusanci kunama. Ka tuna cewa ƙofar langa-langa ko zana ba sa tare harsashi, kuma ɗan ƙaramin nan na .22 yana iya tafiyar fiye da kilomita 1. Idan ba ka taɓa koyon buɗe ta ba, kada ka fara koyo a ranar. Ka bar ta yadda take, ka kulle ɗakin.

Wanda ya iya kuma ya tabbatar babu harsashi, akwai alamun da ido da yatsa suke ganewa. Gangar da ke ɗauke da harsasai tana juyawa ne domin kowane rami ya zo daidai saitin bututun, to idan ka taɓa ta ka ji tana girgiɗi, ko ta tsaya a karkace, harsashin zai goga gefen bututun yayin fita, ya watso ɓarɓashin dalma mai zafi ta gefe, wanda zai iya samun hannun mai harbi ko idon na kusa da shi. Ka duba gangar jikin a hasken rana ko akwai siririn layi kamar zare, musamman a saman gangar harsasan da inda bututun ya shiga, domin wannan tsaga ce. Kumburi a bututu ko tsatsa mai zurfi ma hukuncinsu ɗaya. Aibin da ya fi ba ni tsoro kuwa ba a ganinsa da ido: da yawa daga cikin tsofaffin nan ba su da ƙarfen da ke shiga tsakanin mabugi da harsashi, saboda haka idan ta suɓuce daga aljihun riga ta faɗi a kan siminti, tana iya tashi ba tare da kowa ya taɓa kunama ba. Tsohon harsashi kuma, wanda ya sha zafin bazara da laimar damina shekara da shekaru, yana iya ƙin tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi a daidai lokacin da mutum ya juyo da ita yana leƙawa. Don haka kada ka fita bayan gari ka ce za ka gwada ta.

Sai maganar doka, wadda ba ta da sassauci. A Nijar ba a mallakar bindiga sai da izinin hukuma, kuma da sunan mutum ake ba da takardar, saboda haka izinin mahaifinka, in ma yana da shi, bai zama naka ba don ka gaji akwatinsa. Tun 1994 ƙasar take da hukumar tattara haramtattun makamai da sa ido a kansu, wato CNCCAI, kuma a jihar Tawa, inda aka kafa dokar ta-ɓaci a yankunan Tiliya da Tasara a 2017, a kama mutum da bindiga ba takarda a shingen bincike ba ƙaramar magana ba ce.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce ka tafi hannu rabbana wurin jandarmomi ko komisariyar ƴan sanda mafi kusa, ka bayyana yadda bindigar ta zo hannunka, ka bar su su faɗa maka yadda za a ɗauko ta. Kada ka sa ta a aljihu ka hau kabu-kabu da ita. Yana da kyau ka tafi tare da mai unguwa ko wani dattijon gida wanda ya halarci rabon gadon, kuma ka nemi a ba ka takardar shaida cewa ka miƙa ta, mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata. Harsasan ma ka ambata su, domin kada a jefa su a shara inda ake cinna wuta, ko a bar su a kwano inda yara za su tsinta. Idan kuwa tayin saye aka yi maka, ka ƙi tun daga farko, domin ba ka san hannun da ta fito ba, ba ka kuma san abin da aka aikata da ita kafin ta iso gare ka ba.