Yadda ake gane tsuntsayen teku daga cikin kwale-kwale a Accra

Yawancin samarin da na taɓa fita da su daga unguwar Nima ko Mamobi kuskure guda suke yi. Da tsuntsu ya gifta sai su buɗe littafin hotuna suna neman launinsa, kafin su ɗaga kai ya ɓace. A teku, launi ne abin da ake dubawa a ƙarshe.

Fara da zaɓar lokaci. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku a gaɓar Ghana, ƙananan kifaye irin su amane su yi yawa, tsuntsaye su biyo su. Ni Satumba nake so, domin baƙin da suka yi ƙwai a Turai sun iso. Lokacin hunturu hazo yana cinye nesa. Kada ka shirya fita ranar Talata, masuntan Jamestown, unguwar bakin teku ta Accra, ba sa shiga teku. Ku haɗa kuɗin mai ku huɗu ko biyar, shi ne ke cin aljihu, kuma kowa ya sa rigar ceto. Madubin hangen nesa kada ya wuce mai ƙara girma sau 8. Mai sau 10 ko 12 rawa kawai zai riƙa yi maka idan igiyar ruwa ta ɗaga kwale-kwale.

Yanzu ga inda ni kaina na sha wahala: fararen tsuntsayen nan masu siririn fiffike da wutsiya mai reshe biyu, waɗanda Turawa ke kira tan. Na yi kaka guda ina neman jan baki, domin haka hoton ya nuna, ban san cewa idan sun zo wajenmu bakin da yawansu ya koma baƙi ba, goshinsu kuma ya yi fari. Duk abin da na rubuta a waccan shekarar sai da na soke shi.

Don haka ka dubi yadda tsuntsun yake cin abinci. Wanda ke tsayawa a sama ya kalli ruwa, sannan ya faɗo tsundum, yawanci shi ne gama-garin tan. Idan ya fi shi girma da haske, bakinsa dogo baƙi da ɗigon rawaya a tsini, wannan Sanwic ne. Babba mai kaurin baki ruwan lemo ba ya ɓuya. Ƙaramin da ba ya nutso, sai dai ya sunkuyo ya tsinci abu a fuskar ruwa ya tashi, shi ne baƙin tan, duk da a wannan lokaci cikinsa fari ne, sai wani duhu a gefen ƙirji kamar an shafa gawayi. Tan ɗin da ake kira Rozet kuwa, wanda da yawansa ke zuwa daga tsibirin Rockabill na ƙasar Ailan, fari ne tas, yana kaɗa fiffike da sauri-sauri. Kada ka yi gaggawar cewa ka gan shi. Kafin ka biya kuɗin mai, je ka tafkin Sakumono ko bakin kogin Densu, inda suke zama a ƙasa, ka saba da su.

Sauran ba su da wuya. Idan ka ga tan sun watse a firgice, nemi mai duhu, mai faɗin ƙirji, da farin tabo a fiffike, yana bin su kamar shirwa har su saki kifi. Sikuwa ke nan. Can nesa da gaɓa akwai ɗan baƙi kamar tsattsewa, da fari a gindin wutsiya, yana taɓa ruwa da ƙafa. Fetirel ne, kuma idan ƙafarsa ta zarce wutsiya a tashi, na Wilson ne.

Rubuta girma, tashi da baki nan take da fensir, biro ba ya son ruwa. Littafin hotuna sai kun sauka. Madubin kuma a goge masa gishiri da tsumma mai ɗan laima a ranar.